Bayan Digirin Dakta Sai Me? Jawabi Kan Aikin Bincike Da Masanan Ƙididdiga

Wannan jawabi an gabatar da shi ne a gaban iyaye da malamai da ɗalibai a unguwar Demsawo ta cikin Jimeta, Jihar Adamawa. Mun buga shi dungum domin amfanin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha da sauran biranen Kudu, waɗanda da guminsu ne ake biyan kuɗin makarantar yara da yawa a gida.



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne wani irin aiki wanda sunansa bai saba shiga kunnen jama'armu ba, watau aikin binciken da mutum kan yi bayan ya karɓi digirin dakta, musamman irin wanda ake haɗa gwiwa da masanan ƙididdiga. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da shanu a Agege, ko mai albasa a kasuwar Mile 12, da wannan zance na manyan malamai? Amsa ita ce, ruwansa ya yi tsaki. Gidansa na gefen kogin Binuwai, da rijiyar da iyalinsa ke sha, da irin shinkafar da ƙanensa ke shukawa a Gerio, da allurar da ake yi wa jaririnsa, duk akwai shawarar da ake yankewa a kansu a ofisoshi, kuma da alƙaluma ake yanke ta. In alƙaluman na ƙwarai ne, a amfana. In na jabu ne, ko babu su sam, talaka ne ke biyan diyya.

Mene ne wannan aiki?

Kowa a nan ya san yadda ake koyon tuƙin babbar mota. Yaro yakan daɗe yana ƙaren mota, sa'an nan ya sami lasin. Amma babu mai hankalin da zai danƙa masa tirela cike da shanu daga Mubi zuwa Ikko a ranar da ya karɓi lasin. Sai ya yi tafiye-tafiye a gefen tsohon direba, ya san ramukan hanya, ya san inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. To, haka abin yake ga ilmi mai zurfi. Digirin dakta lasin ne. Aikin da ke biye da shi, wanda masu ilmin zamani ke kira fosdok a taƙaice, shi ne zaman da sabon dakta kan yi na shekara ɗaya zuwa uku a ƙarƙashin wani shaihun malami, yana bincike a kan matsala guda takamaimai, ana biyansa albashi, kuma ba a ɗora masa nauyin koyarwa mai yawa. A cikin wannan lokaci ne yake buga sakamakon bincikensa, ya koyi neman kuɗin bincike da kansa, ya kuma san abokan aiki a wasu fannoni da wasu ƙasashe.

A Ingila da Amurka da Jamus da Afirka ta Kudu wannan mataki sananne ne, da wuya mutum ya zama babban malamin kimiyya bai taka shi ba. A jami'o'inmu kuwa guraben irin wannan aiki kaɗan ne ƙwarai. Yawanci da zarar mutum ya gama, sai a tura shi aji mai ɗalibai ɗaruruwa, ga takardun jarrabawa, ga aikin ofis, ga yajin aiki irin na shekara ta 2022 wanda ya rufe jami'o'in gwamnatin tarayya har wata takwas. Kafin ya farga shekara goma ta wuce, binciken da ya fara ya mutu a cikin akwati. Wanda ya ga ba zai iya haƙuri ba kuwa sai ya haye jirgi, ya kai basirarsa inda ba da kuɗinsu aka rene ta ba.

Masanin ƙididdiga kuma fa?

Mutane da yawa sun ɗauka aikin masanin ƙididdiga shi ne tara lambobi ya haɗa jimla, kamar akawun kanti. Aikinsa ya wuce nan nesa. Shi ne wanda ya san yadda za a gane gaskiyar abu mai yawa ta hanyar duba kaɗan daga cikinsa, ya kuma faɗi iyakar kuskuren da ke iya shiga. Ku 'yan kasuwar hatsi kun riga mu sanin tushen abin. Mai sayen wake a Dawanau ba ya zazzage buhu ɗari ya duba ƙwaya ƙwaya. Yakan soka ƙarfe a wannan buhu ta sama, a wancan ta tsakiya, a wani ta ƙasa, kuma ba ya yarda mai kaya ya zaɓar masa buhun da zai duba. Wannan ƙin yarda shi ne ginshiƙin ilmin ƙididdiga. In aka zaɓi mutum 1,000 ta hanyar ƙuri'a tsantsa aka tambaye su, amsarsu takan yi kusa da ta dukan jama'a da tazarar da galibi ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari, ko jama'ar miliyan ɗaya ce ko miliyan ɗari. Amma in aka tambayi mutum 50,000 waɗanda duk mazauna bakin titi ne, domin motar ma'aikata ba ta iya shiga ƙauyukan fadama da damina, to yawan bai tsinana kome ba.

A cikin shekara ta 1919 wata tashar binciken aikin gona a Ingila mai suna Rothamsted ta ɗauki wani malamin lissafi, Ronald Fisher, domin ya duba bayanan amfanin gonar da aka tara tun 1843. A nan ne ya tsara ƙa'idodin da har gobe ake bi: a raba gonar gwaji kashi-kashi, a jefa ƙuri'a wajen zaɓen kashin da za a sa wa taki, a kuma maimaita gwajin sau da yawa. Dalili a fili yake. In ka sa sabon taki a gefen gona mai damshi, tsohon taki kuma a kan tudu, ba za ka taɓa sanin takin ne ya yi aiki ko damshin ba. Shi ne kuma ya gargaɗi masu bincike a 1938 cewa kiran masanin ƙididdiga bayan an gama gwaji tamkar kiran likita ne ya duba gawa, iyakarsa ya faɗi abin da ya kashe ta. Haka nan a 1950, haɗin gwiwar likita Richard Doll da masanin ƙididdiga Bradford Hill ne ya fito da shaida mai ƙarfi cewa shan taba sigari na da alaƙa da ciwon dajin huhu. Da likitan shi kaɗai ne, da zato kawai zai yi. Da masanin lissafin shi kaɗai ne, da bai san tambayar da zai yi wa majiyyaci ba.

Abin da aka taɓa yi a ƙasarmu

Kada ku ɗauka sai a Turai ake wannan. Ɗaya daga cikin mashahuran binciken zazzaɓin cizon sauro a duniya a ƙasar Hausa aka yi shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jihar Jigawa. Aka tara likitoci da masanan ƙwari da masu duba jini da masanan ƙididdiga a aiki guda. Kafin a fesa ko ɗigon magani, sai da aka shafe kimanin shekara ɗaya da rabi ana auna jinin mutanen zaɓaɓɓun ƙauyuka kowane mako goma, ana kuma kama sauro ana ƙirgawa. Sa'an nan a 1972 da 1973 aka fesa maganin sauro a ɗakunan ƙauyuka 164, a wasunsu kuma aka haɗa da raba wa kowa da kowa magani.

Sakamakon bai yi wa mutane da yawa daɗi ba, amma gaskiya ne. Cutar ta ragu, musamman inda aka haɗa feshi da magani, sai dai ba a iya katse yaɗuwarta ba, kuma da aka daina sai ta komo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita, saboda haka feshin bai same shi ba. Wani masanin lissafi Bajamushe, Klaus Dietz, tare da abokan aikinsa, suka tsara lissafin yadda cutar ke yaɗuwa, aka buga shi a 1974, littafin binciken duka kuma ya fito a 1980. Wannan aiki ya ceci ƙasashe daga zuba dukiya a kan fatan cewa feshi kaɗai zai kawar da cutar daga yankinmu, kuma shekaru da yawa bayan haka masu bincike sun ci gaba da gwada lissafinsu a kan alƙaluman Garki.

Misali na biyu daga Samaru ne. A da malaman gona sukan ɗauki manomin da ya haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin wanda bai waye ba. A 1966 da 1967 wani masanin tattalin arzikin noma na Jami'ar Ahmadu Bello, David Norman, da ma'aikatansa suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna rubuta kowace sa'a ta aiki da kowane dami da aka girbe. Da aka yi lissafi, sai ga shi haɗa shukar ya fi ba da riba a kan kowace eka, ya kuma fi kare magidanci daga asara in ruwa ya yi gardama. Ashe kakanninmu sun san abin da suke yi, alƙaluma ne suka tsaya musu shaida a gaban masu digiri.

Bukatunmu a Adamawa

Yanzu mu komo gida. An gama gina madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai, kusa da Garwa a ƙasar Kamaru, a 1982. Madatsar Dasin Hausa, wadda aka yi niyyar ginawa a ɓangarenmu domin ta tare rarar ruwan, shekaru arba'in suka shuɗe tana kan takarda. A ambaliyar 2012 fiye da mutum 360 suka rasu a faɗin Nijeriya, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. A ta 2022 mamatan sun haura 600. A watan Yuli na 2025 kuma ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya cinye unguwanni a Yola, aka yi asarar rayuka. Bayan kowace ambaliya sai gardama ta tashi: laifin Lagdo ne, ko ruwan sama ne, ko toshewar magudanai, ko gine-gine a kan hanyar ruwa? Wannan tambaya ba a amsa ta da ɗaga murya. Sai injiniyan ruwa da masanin yanayi da mai tsara birane da masanin ƙididdiga sun zauna a kan bayanan tsawon ruwan kogi da na ruwan sama na shekaru masu yawa, sun rarrabe rabon kowane dalili.

Ga misalin abin da masanin ƙididdiga zai gaya wa mai son gina gida. In aka ce fili kaza ambaliyar shekara ɗari ce kawai ke kai masa, mutum sai ya ɗauka tunda an yi ta a bara, jikokinsa ma sun tsira. Ma'anar maganar ita ce, a kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari. In ka tara wannan a kan shekara talatin da za ka zauna a gidan, yiwuwar ruwan ya same ka aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin ɗari, watau fiye da ɗaya cikin huɗu. Wanda ya yi shekara ashirin yana tara kuɗi a Sabo ta Badun domin ya gina gida a Jimeta ya cancanci a gaya masa wannan tun bai sayi bulo ba.

Haka batun cutar amai da gudawa, wadda ta ɓarke a Mubi a 2018, ta kuma taɓa Yola da Girei a 2019. Sanin unguwar da take farawa, da watan da take tashi, da irin ruwan da waɗanda suka kamu suka sha, aiki ne na likita da masanin ruwa da masanin ƙididdiga tare. Haka kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Nijeriya ne. Bugu da ƙari, ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ita ce ta 2006, wadda ta ba Nijeriya mutum miliyan 140, Adamawa kuma miliyan uku da ɗoriya. Ta 2023 ɗage ta aka yi. Tarihin ƙidaya a ƙasarmu cike yake da rigima, har Janar Murtala Muhammed ya soke ta 1973 bayan hawansa mulki a 1975. Inda babu sabuwar ƙidaya, duk wanda zai raba allurar rigakafi ko ya gina aji da kiyasi zai yi aiki, kuma kiyasi mai kyau sai gwani.

Ba mu rasa wuraren da za a yi aikin ba. A hayin gada, a Girei, ga Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, kuma tana da sashen ƙididdiga. Ga asibitin koyarwarta a Yola. Ga Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi, ga Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola, ga Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matashi mai digirin dakta wanda aka 'yanta daga aji na shekara biyu, aka ba shi albashi da kwamfuta da kuɗin mai, aka ce ga matsala, ga abokan aiki, je ka warware.

Inda ake neman gurabe

Ga ƙannenmu masu wannan buri, ƙofofin suna nan ko da yake ƙanana ne. A cikin gida akwai asusun TETFund, wanda ya samo asali daga asusun harajin ilmi na 1993 aka sake masa tsari a 2011, kuma malaman jami'a kan nemi kuɗin bincike daga gare shi ta hanyar gasa. Akwai Cibiyar Binciken Noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, wadda aka kafa a Badun a 1967 kuma tana da tasha a Kano. Akwai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. A jami'o'in Badun da Ife an buɗe ɗakunan ba da shawara inda masanan ƙididdiga ke zama da masu bincike na wasu fannoni. A waje kuwa akwai cibiyar lissafi ta Afirka, AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, ta kuma buɗe rassa a Sanagal da Gana da Ruwanda da Limbe ta maƙwabciyarmu Kamaru. Akwai kuma kwalejin kimiyya ta TWAS a Italiya, wadda Farfesa Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1983, da gidauniyar Humboldt ta Jamus, dukansu sukan tallafa wa sababbin daktoci daga ƙasashe masu tasowa.

Masu ɗaukar aiki sukan duba abin da ka buga a mujallun da masana ke tantancewa, da shaidar malaman da suka san aikinka, da taƙaitaccen tsarin binciken da kake son yi. Ka koyi aiki da manhajar lissafi irin su R, wadda kyauta ce, ba ta bukatar kome sai kwamfuta da naci. Ka kuma riƙe wannan gargaɗi da kyau: aikin bincike na gaskiya shi ke biyanka. Duk wanda ya aiko maka saƙo ta intanet cewa ka sami gurbi a Turai amma sai ka tura kuɗin rajista, ɗan damfara ne. Haka mujallar da ta ce ka biya yau a buga maka gobe ba tare da an tantance ba, zubar da mutunci kawai za ta jawo maka.

Ladubban haɗin gwiwa

Zama da mutumin wani fanni ba abu ne mai sauƙi ba, domin kowa da harshensa, kowa kuma da girman kansa. Likita ko malamin gona ya kira masanin ƙididdiga tun ranar da ake tsara tambayoyi, ya kuma sa sunansa cikin marubuta, kada ya ɗauke shi ɗan aike. In lissafi ya nuna maganin da aka sa wa rai bai yi aiki ba, a faɗa haka nan, kamar yadda mutanen Garki suka yi. Matsa wa masanin ƙididdiga ya murɗa alƙaluma daidai yake da tauye mudu.

Shi kuma masanin ƙididdiga tilas ya bar sanyin ofis ya taka ƙasa. A nan ne 'ya'yanmu suke da fifikon da baƙo ba shi da shi. Ɗan Adamawa ya san in tsohuwa ta ce yaro na zazzaɓi, kalmar ta ƙunshi cututtuka iri-iri. Ya san dattawa da yawa in aka tambayi shekarunsu sai su ce hamsin ko sittin, saboda haka gara a tambaye su ko sun yi aure kafin a koma tuƙi ta hannun dama a 1972, ko kafin Naira ta maye gurbin fam a 1973. Ya san makiyayi tun zamanin jangali ba ya sakin jiki da mai tambayar yawan shanunsa. Ya san tambayar da aka rubuta da Turanci sai an juya ta da kyau zuwa Hausa da Fulfulde da Bachama da Margi kafin ta ba da amsa iri ɗaya. Wanda bai san waɗannan ba zai cika kwamfuta da lambobi masu kyan gani marasa tushe.

Kira ga 'yan'uwa mazauna Kudu

Daga ƙarshe ina da roƙo ga iyayenmu da yayyenmu da ke neman abinci a Kurmi. Na farko, in ɗanku ko 'yarku ta nuna basira a lissafi, kada ku ce fannin ba shi da kasuwa, ku tilasta mata wani. Ku bibiyi sakamakon lissafinta tun daga sakandare, domin nan ne yawancin yaranmu ke faɗuwa. Na biyu, in ya gama digirin dakta ya ce zai ƙara shekara biyu yana bincike, kada a yi masa gorin ya ƙi kama aiki. Aiki ne, kuma shi ne ke raba malamin da zai ƙirƙiro ilmi da wanda zai maimaita na wasu har ya yi ritaya.

Na uku, ƙungiyoyinku na 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan hatsi suna zaune a kan dukiyar da ba su sani ba. Littafin da sakatare ke rubuta yawan motocin da suka sauka kowace rana, da garin da suka fito, da farashin da aka sayar, in aka adana shi shekara biyar, zai nuna asarar da lalacewar hanya da shingayen karɓar kuɗi ke jawowa. Da irin wannan takarda a hannu, Sarkin Hausawa ba zai shiga ofishin gwamnati da koke kawai ba. Na huɗu, ƙungiyar da ke iya haɗa kuɗin gina zauren taro tana iya haɗa kuɗin ɗaukar nauyin matashi ɗaya na shekara ɗaya a jami'armu ta Girei, bisa sharaɗin ya yi bincike a kan ambaliya ko ruwan sha, ya kuma zo ya karanta wa jama'a sakamakon da Hausa.

Ga hukumomin jiha da ƙananan hukumomi kuwa, roƙonmu shi ne su kiyaye rajistar asibitoci da ma'aunin ruwan sama da na kogi, su kuma buɗe su ga masu bincike. Bayanin da ba a rubuta a bana ba, ko nawa aka kashe baɗi ba za a iya sayo shi ba.